Damina Ba Ta Yi Wa Kowa Daidai Ba: Mu Ɗage Godiyar Kaka Ne?

Tambaya: Ni ne magatakardan kwamitin godiyar kaka a ikilisiyarmu, mu manoma ne kusan duka. Bana wasu sun cika rumbu, wasu ruwa ya cinye musu gona, wasu kuma rashin tsaro ya hana su zuwa girbi. Mun yi jana'iza da dama. Wasu dattawa sun ce a ɗage bikin sai baɗi, wasu sun ce a yi kamar kullum. Yaya za mu yi godiya ba tare da mun ƙara wa masu kuka ciwo ba?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi. Kada ku ɗage, kuma kada ku yi kamar kullum. Dattawan da suka ce a ɗage sun ga wani abu na gaskiya: irin godiyar da ake kiran gida gida a lasifika, mai buhu 5 ya fito da rawa, mai hannu wofi ya sunkuyar da kai a benci, ita ce za ta yi wa mutanenku ciwo. Matsalar tana cikin tsarin, kuma tsari abu ne da kwamiti ke iya gyarawa cikin mako 6.

Bakinmu ya saba da godiya tun muna yara. A ce maka ina aiki, ka ce da godiya. A ce yaya ruwa, ka ce ya yi gyara, ko da jiya ya rushe maka katanga. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma tana iya fita daga baki zuciya ba ta sani ba. Godiyar da ikilisiyarku ke bukata bana ita ce wadda mutum ya dubi asararsa ido da ido, ya kira ta da sunanta, sannan ya ce duk da haka zan yabi Ubangiji. Ka buɗe Habakuk 3:17-18. Annabin ya lissafa abu 6 da suka lalace, daga ɓaure da inabi da zaitun zuwa gonaki da garken tumaki da turken shanu, kafin ya ce zai yi farin ciki da Allah Mai Cetonsa. Bai tsallake lissafin ba. A 1 Tasalonikawa 5:18 kuma Bulus ya ce a yi godiya a cikin kowane hali. Wani zai kawo maka Afisawa 5:20, inda aka ce saboda kowane abu. Ka amsa masa da cewa Littafi Mai Tsarki bai taɓa kiran kisa ko fashi alheri ba. Abin da muke gode wa shi ne Allahn da bai sake mu ba a cikinsu, wanda kuma yake iya fitar da alheri daga abin da aka nufa da mugunta. Matar da aka kashe mijinta a gona, ba wanda ke da ikon ce mata ta gode saboda kisan.

Ba ku ne na farko da kaka ta riska cikin makoki ba. A ƙarshen Oktoban 2014, daidai lokacin girbi, Boko Haram ta mamaye Mubi da hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) a Kwarhi, mutane suka gudu suka bar amfanin gona a tsaye. Ranar godiyar Amurka ma, wadda ake yi a Alhamis ta huɗu cikin watan Nuwamba, a 1863 Abraham Lincoln ya shelanta ta ga ƙasa duka, ana tsakiyar yaƙin basasa.

To, ga aikin. Ku fara da rana. Gero yakan shigo tun Agusta zuwa Satumba, masara ta biyo, gyaɗa da wake su zo a Oktoba da Nuwamba, dawa da maiwa su ne na ƙarshe. In kun sa rana a farkon Nuwamba, mai dawa bai yanke ba, kun hana shi kawo nasa. In kun kai tsakiyar Disamba, hidimar Kirsimeti ta riga ta fara cin aljihu. Lahadi ta ƙarshe a Nuwamba ko ta farko a Disamba ta fi dacewa a yawancin wurare. Ikilisiyoyin da ke bin kalandar sujada, kamar Katolika da Anglika da Lutheran, su lura cewa lokacin jiran zuwan Almasihu yana farawa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, gara a gama kafin nan. Tunda kun ambaci tsaro, ku fara da ƙarfe 8 na safe, a tashi daga sujada kafin 11, a ci abinci, kowa ya kama hanya rana na tsaka.

Kwamiti kada ya wuce mutum 7, kamar yadda aka zaɓa a Ayyukan Manzanni 6 lokacin da aka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye. Aƙalla 3 su fito daga zumuntar mata, don su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya. Ku sa mutum guda cikin waɗanda gonarsu ta lalace, kuma ku saurare shi. Shi ne zai gaya muku abin da zai ba shi kunya, wanda mai cikakken rumbu ba zai taɓa hangowa ba. Mako 4 kafin ranar, ku rabu biyu biyu ku zaga gidaje. Gaisuwa ce da addu'a, ba a zuwa da ambulan. Daga wannan zagaye ne za ku san gida nawa ne abincinsu ba zai kai su Fabrairu ba, nawa ne zai kai su bazara ya ƙare, nawa ne ba su da irin shuka. Takardar sunayen ta tsaya a hannun mutum 2, fasto da shugabar zumuntar mata. Da zarar ta zaga kwamiti duka, ta shiga gari.

Abin da ya fi ɓata godiya shi ne yanka wa gidaje kuɗi: maza kaza, mata kaza, a rubuta suna a bayan ambulan, a karanta a gaban jama'a. Da an yanka, baiko ya koma haraji, wanda bai biya ba ya zama mai bashi, mai bashi kuwa yakan ƙi zuwa majami'a ranar. 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, 9:7 kuma ta hana bayarwar dole. In kuna da ginin da kuke son rufewa, ku ba shi tasa ranar a Fabrairu ko Maris, ku kira ta da sunanta na gidauniya. Mutane ba sa ƙin ba da kuɗin gini. Abin da ke kashe musu zuciya shi ne a ce musu godiya, su zo su tarar da gidauniya.

Kayan da suka yi nauyi a kawo su ranar Asabar, kai tsaye zuwa sito. Mutum 2 su auna, su rubuta, su ba mai shi rasit. Ranar Lahadi kuma kowa, babba da yaro, ya riƙo abu iri ɗaya: zangarniya guda ta dawa ko gero, ko ƙaramin kwano rufe da faifai, ba mai sanin abin da ke ciki. A fito unguwa unguwa ko zumunta zumunta, kada a kira sunan gida. Ta haka mai buhu 5 da mai tafin hannu guda suna tafiya sahu ɗaya zuwa bagade. Wasu masu hali za su ji ba daɗi, domin sun saba a ambace su. Fasto ya same su tun da wuri, ya karanta musu Matiyu 6:1-4 da Yakubu 2:1-4 cikin girmamawa, ya kuma gode musu ido da ido a gidajensu. Yaba kyauta tukuici ne, amma ba sai a lasifika ba.

Gidajen da ba su da komai fa? A Nehemiya 8:10, ranar da jama'a ke kuka, an ce su je su ci su sha, su kuma aika wa waɗanda ba su shirya komai ba. Ku yi hakan cikin makon da ya gabaci bikin: tiya 3 zuwa 5 ga kowane gida, mace guda ta kai da yamma kamar mai zuwa gaisuwa. In sun ga dama su ɗebi kaɗan su kawo ranar Lahadi. Wani zai ce ai wannan kamar ruɗin kai ne, a ba mutum ya dawo da shi. Dauda ya riga ya amsa a 1 Tarihi 29:14, cewa daga hannun Allah muka karɓa muka ba shi. Duk baikon da aka taɓa ajiyewa a bagade haka yake.

A cikin sujadar, kuka ya riga waƙa. Bayan buɗewa, a karanta sunayen waɗanda suka rasu cikin shekara, da waɗanda ke hannun masu garkuwa in iyalansu sun yarda, a yi shiru na minti 2, a karanta Zabura 13 ko 126. Kada mai kiɗa ya cika shirun da molo ko ganga. Wannan tsari ba sabo ba ne. A Maimaitawar Shari'a 26:1-11, mai kawo nunan fari a kwando sai ya fara ba da labarin bautar Masar da kukan da kakanninsa suka yi, sannan ya ajiye kwandon. Mai makoki in ya ji an kira sunan nasa a gidan Allah, yakan iya buɗe baki a waƙar da ke biye. In an tsallake, zai zauna yana jin kamar ana biki a kan kabarin ɗansa.

Shaida ta fi komai saurin kauce hanya, don haka ku dafa ta tun kafin ranar. Mutum 5 sun isa, minti 3 kowanne, fasto ya ji abin da za su faɗa tun Juma'a. A cikinsu a sami wanda ya yi girbi mai kyau, da wanda ya yi asara amma yana da abin faɗa, da yaro ko yarinya guda. Iri 3 na shaida ne ya kamata a hana. Ta farko ita ce mai cewa ruwa ya kwashe gonakin maƙwabta duka, tawa kaɗai ta tsira saboda ina ba da zakka; maƙwabtan suna zaune a wurin, kuma wannan ita ce addu'ar Bafarisien nan na Luka 18, wanda shi ma da na gode ya fara. Ta biyu mai jifan dangi da maita ko asiri a fakaice. Ta uku mai kama sunan wata ƙabila ta ɗora mata laifin 'yan ta'adda. Wa'azi kada ya wuce minti 25, kuma mai wa'azi ya kiyayi ɗaukar Malakai 3, inda aka yi maganar zakka, ya doke mutanen da suka yi asara da ita. Yesu ya ce Allah yana sauko da ruwa a kan masu adalci da marasa adalci (Matiyu 5:45), ya kuma ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa musu sun fi sauran zunubi (Luka 13:4-5). Haka nan kada a mai da godiya jari, wai ka kawo buhu guda baɗi ka sami 100. In baɗi ta zo ba haka ba, mai sauraron zai zargi Allah ko ya zargi kansa.

Za a sami wadda ba za ta iya tashi ba, ko wanda zai zauna a baya bai buɗe baki ba. A ƙyale su. Kada mai jagorar waƙa ya ce duk wanda bai tashi ba bai gode wa Allah ba. Zuwan da suka yi ya isa. A sa wata ta zauna kusa da ita, shi ke nan.

Kuɗin da aka tara mutum 3 ne za su ƙirga, ba 'yan gida ɗaya ba, a ranar, kafin kowa ya fita da jaka. Su sa hannu, a karanta jimla Lahadi mai zuwa, a manna takarda a bango. Bulus kansa ya nemi a haɗa shi da wasu wajen kai gudummawa don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:20-21).

Yanzu ga wurin da nake son ka fi mai da hankali, wato inda hatsin zai tafi. Al'adar da ta yaɗu ita ce gwanjo bayan sujada, a sayar da komai a wuni guda. Ka yi lissafi. Kaka ce lokacin da hatsi ya fi araha a shekara, Yuli da Agusta kuma lokacin da ya fi tsada, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, ga aikin noma yana neman ƙarfi. In kun sayar a Disamba, a Agusta gwauruwar ikilisiyarku za ta je ta sayi irin wannan hatsi da tsada a wurin wanda ya ɓoye shi. Ku yi gwanjon abin da ba ya ajiyuwa kawai: kaji, ƙwai, tumatir, ayaba, kabewa, dankali. A yi shi a waje bayan an rufe sujada, ba tare da kirarin masu saye ba. Hatsi da wake su shiga sito.

Yadda za a raba, a rubuta shi tun kafin ranar, a karanta wa ikilisiya, don mutum ya san inda abinsa za shi. Ku fara cire kason da dokar ɗarikarku ta ce a kai gunduma. Abin da ya rage, shawarata ita ce rabi a ajiye don tsakiyar damina, kashi 1 cikin 4 ga ma'aikata, wato fasto da mai bishara da mai gadi, sauran kashin kuma a raba shi tsakanin taimakon gaggawa da irin shuka. A ce bayan an cire komai buhu 10 ne suka shiga ajiya. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40 ko kusa da haka, ka ga tiya 400 ke nan. In gidaje 20 ne a takardarku, kowanne zai sami tiya 20. A ba su 5 duk mako 2, sau 4, daga tsakiyar Yuli. Gida mai mutum 6 yakan ci kusan tiya guda a wuni, saboda haka wannan tallafi ne, ba zai ɗauke musu ciyarwa ba, amma yana iya hana mutum sayar da akuyarsa ta ƙarshe ko cin bashin da za a biya da hatsi ninki a kaka. A rabon kada ku tsaya kan masu katin ikilisiya. Littafin Firistoci 19:9-10 da Maimaitawar Shari'a 24:19 sun ce a bar gefen gona da damin da aka manta don matalauci da baƙo da maraya da gwauruwa. 'Yan gudun hijirar da ke zaune a unguwarku, da maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba amma yunwa na cinsa, suna cikin baƙon nan.

Ajiya kuwa in ba a iya ta ba, ƙwari da funfuna ne za su ci godiyar. Hatsin ya fito daga gidaje da yawa, bushewarsa ba ɗaya ba ce, don haka kada a juye shi wuri ɗaya sai an duba kowanne. A tambayi mai kawowa ko ya zuba magani, a kuma ware na bara daga na bana, don tsohon ne yakan shigo da ƙwari. A shanya a kan tamfol, ba a ƙasa tsirara ba, a shiƙe. Masara na bukatar danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100. In ba ku da na'urar awo, ku gwada da gishiri: kwalbar gilashi busasshiya, a zuba hatsi ya kai sulusinta, a ƙara cokali 2 ko 3 na gishirin da aka busar sosai, a rufe, a girgiza minti guda, a bari minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da saura, a mayar rana. Ɗanyar masara ko gyaɗa in aka rufe ta, funfuna na haifar da guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. Duk ƙwayar da ta canza launi a tsince a binne. Kada a ce a ba mabukata, kada kuma a ba kaji.

Wake ya fi komai saurin yin ƙwari. Ku sayi buhun PICS, mai leda 2 a ciki da buhun saƙa a waje. A hura kowace leda a tabbatar ba huda, a zuba, a matse iska ta fita, a murɗe bakin ledar ciki a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. Ƙwarin da ke ciki rashin iska ne ke kashe su, don haka duk wanda ya buɗe don ya leƙa ya ɓata aikin. Ba a kwancewa sai ranar rabo. Kada a yayyafa maganin feshi a abincin da mutane za su ci. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Buhuna su hau kan katako, a bar tazarar rabin mita tsakaninsu da bango, a toshe ramukan ɓera, a duba rufi kafin ruwan farko. Ƙofa ta sami kwaɗo 2, makullai a hannun mutum 2. Irin shuka a ajiye shi daban da alama, a raba a watan Mayu, kuma kada a ajiye masarar da aka noma daga irin kamfani na aure a matsayin iri, domin in aka sake shuka ta amfaninta yana raguwa.

Akwai wani ɓangare da ba ya cin ko sisi. A Luka 17, kutare 10 aka warkar, guda ya juyo da ƙafarsa ya je ya gode. A Lahadin da ta gabaci bikin, fasto ya roƙi kowane gida ya zaɓi mutum guda da ya yi musu alheri bana, su je har ƙofarsa su faɗa masa: wanda ya zo gayya, wanda ya ara musu shanun huɗa, unguwarzoma, malamar makarantar Lahadi, wanda ya ɓoye su daren da aka gudu. A addu'ar dare kuma, har zuwa Kirsimeti, kowa a gida ya ambaci abu guda takamaimai na wannan wuni. Gidan da ya yi asara ma zai iske yana da wanda zai je wa, sau da yawa fiye da gidan da bai nemi taimakon kowa ba.

Aikin kwamitinku sai Satumba yake ƙarewa. Lahadi ta farko bayan rabon ƙarshe, ka tashi a gaban ikilisiya ka karanta buhu nawa suka shiga, tiya nawa suka fita, gida nawa suka samu, da abin da ya lalace in akwai, ba tare da sunan kowa ba. Sannan a share sito, a hura ledojin PICS a ware masu huda, a ninke masu kyau a rataye inda ɓera ba zai kai ba, don a lokacin sabon gero ya riga ya fara shigowa.